Baƙar Tawada da Jar Tawada: Hukuncin Launi a Shafin Alƙur'ani

Tun kafin tsara shafi ya zama sana'a mai zaman kanta, malaman Musulunci sun tattauna tambayar da ke ƙarƙashin wannan sana'a gaba ɗaya, wato ko ya halatta ɗan Adam ya ƙara wani abu na hannunsa a kan shafin da ke ɗauke da maganar Allah, kuma idan ya halatta, ta yaya mai karatu zai bambance abin da aka gada da abin da aka ƙara. Mus'hafan da aka rubuta a zamanin Halifa Usman ɗan Affan ba su da wasulla, kuma wannan tsurar surar haruffa, wadda ake kira rasmu, ita ce al'umma ta ɗauka a matsayin amanar da ba a taɓawa. Da Musulunci ya yaɗu cikin waɗanda Larabci ba harshensu ba ne, sai kuskuren karatu ya yawaita, aka shiga tsaka mai wuya: barin shafin yadda yake yana jawo ɓata lafazi, ƙara masa alamomi kuma yana iya jawo a ɗauki ƙarin a matsayin asali.

Mafitar da aka samu ta launi ce. Ana danganta wa Abul Aswad Addu'ali, wanda ya rasu wajen shekarar 688, cewa shi ya fara nuna wasulla da ɗigo na tawada mai launin da ya saɓa wa na haruffa, ɗigo a sama don fataha, a ƙasa don kisira, a gaban harafi don rufu'a, kafin daga baya a koma ga alamomin da ake jingina wa Halilu ɗan Ahmad. Duk da haka zukatan malamai ba su kwanta nan take ba, domin an ruwaito cewa Imamu Malik ya yarda a sa wasulla a mus'hafan da yara ke koyo da su, amma bai so a sa su a manyan mus'hafan da ake komawa gare su ba. Abu Amru Addani, malamin Andalus da ya rasu a 1053, ya tattara wannan ilimi a littafinsa Almuhkam, inda ya ƙi amincewa a yi wasulla da baƙar tawada saboda hakan yana canja surar rasmu, ya kuma bayyana al'adar yin wasulla da ja, hamza da rawaya, alifin sadarwa kuma da kore. Abin lura a nan shi ne dalilinsa bai shafi kyan gani ba ko kaɗan. Launi a wurinsa shaida ce ta asali, yana gaya wa ido cewa baƙin shi ne abin da sahabbai suka rubuta, sauran kuwa hidima ce ta na baya.

Wannan tsari ya ratso Magrib da Sahara ya zauna daram a Borno da ƙasar Hausa, inda har yau alarammomi ke rubuta Alƙur'ani da hannu a riwayar Warshu, da fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama. Marubuci yakan fara gama baƙaƙen haruffa da tawada mai ƙarko wadda ake haɗawa da bagaruwa da ƙaro, sannan ya dawo da wani alƙalami ya bi shafin da ja, ya sake dawowa da rawaya da kore, ta yadda jerin aikin kansa yana bin jerin daraja. Masu tsara shafi na zamani suna koyar da cewa ido ya kamata ya fara sauka a kan abin da ya fi muhimmanci, kuma a bambanta abubuwa da kauri da girma da launi gwargwadon matsayinsu. Shafin alaramma ya cika wannan sharaɗi, domin kaurin rubutun Kano ko na Borno yana rinjayar siririn jan wasali, har mai kallo daga nesa ba ya ganin komai sai baƙin. Haka nan alamomin ƙirga suna da nasu matakai: ƙananan da'irori uku a ƙarshen aya, kumsa bayan ayoyi biyar, kuri bayan goma, sannan alamun sumuni da rubu'i da nusufi da izu, waɗanda ake fitar da su gefen shafi, inda farin fili ya raba su da nassi. Da yake ganyayen ba a ɗinke suke ba, ana rubuta kalmar farko ta ganye na gaba a ƙasan wanda ya gabace shi, don kada jeri ya rikice a cikin tadarishi.

Zayyana, wato adon layuka da murabba'ai da da'irori da ake yi a farkon littafi da wuraren manyan rabe-rabensa, ita ce ta fi kusa da iyakar abin da ake jayayya a kai, tun da ba ta gyara lafazi, ba ta kuma taimaka wa ƙirga sosai. Hujjar masu ƙyamarta ita ce ado yana janye zuciya daga tadabburi, hujjar masu yin ta kuwa ita ce girmama littafi ibada ce. Abin da ya sa zayyanar wannan yanki ta tsira daga mafi yawan suka shi ne ta san wurinta: ba ta ɗauke da surar mai rai, ba ta hawa kan harafi, tana tsayawa ne a inda karatu ya riga ya tsaya.

Zuwan injin buga littattafai ya jarraba wannan fahimta. Bugun Alƙahira na 1924, da mus'hafin Madina da Usman Ɗaha ya rubuta wanda cibiyar Sarki Fahad ke bugawa, sun mayar da haruffa da wasulla duka baƙi, sai suka nemi bambancin ta hanyar girma, inda haruffan da babu su a rasmu ake rubuta su ƙanana. An yi asarar shaidar launi, amma an sami wani abu a tsarin fili, domin mus'hafin Madina mai shafi 604, wanda yawancin shafukansa ke da layi 15 kuma suke ƙarewa da ƙarshen aya, ya ba mahaddaci damar riƙe aya tare da gurbinta a shafi. A Kano an bi wata hanya dabam, aka riƙa ɗaukar hoton rubutun hannu irin na Sharif Bala Gabari ana bugawa, saboda idon da ya tashi a tsangaya ya saba da wannan rubutu.

Mus'hafan tajwidi masu launi da suka yaɗu a baya-bayan nan sun dawo da ja da kore da shuɗi, sai dai da wata ma'ana dabam, domin a cikinsu launin yana shiga jikin harafin ne don ya nuna madda ko gunna ko harafin da ba a furtawa. Amfaninsu ga mai koyo a bayyane yake, kuma surar rasmu ba ta canja ba, amma rabon aikin da Addani ya tsaya a kai ya juye: a da launi yana nuna wanda ya rubuta, yanzu yana nuna yadda za a furta, kuma wanda ya koyi karatu da irin wannan bugu ba shi da wata alama a shafin da za ta sanar da shi cewa wasalin da yake gani bai zo tare da harafin ba tun farko.