Ƙaddara ce ko Sakaci? Magana Kan Ɗan Notin Inji

A kamfanonin roba na Sharada, da majemun Challawa, da tsofaffin masana'antun Bompai a Kano, akwai wani ɗan abu da ba a cika kula shi ba: notin nan mai kai kamar tauraro, wanda ma'aikaci ke murzawa da hannu don ya ɗaure ma'auni ko ya saita wuƙar inji. Ran da ya kwance har inji ya ci yatsun wani, sai ka ji an ce ƙaddara ce, a rufe magana. Babu Musulmin da zai musanta ƙaddara. Abin da nake musu a kai shi ne mai da ita mafakar wanda ya san abin da ya dace, ya ƙi yi.

Zaɓen wannan noti ilimi ne, ba sa'a ba. Tsofaffin injunan Ingila da yawa a kan ma'aunin inci aka yanka tiredinsu, sababbin da ke zuwa daga Sin ko Jamus kuwa a kan milimita. Noti mai lamba M8 da mai kashi 5/16 na inci kaurinsu kusan ɗaya ne, amma tazarar haƙoransu ta bambanta. Wanda ya tursasa ɗaya a ramin ɗaya zai ji kamar ya kama, alhali ya cinye tiredi, girgizar inji ce kawai za ta ƙarasa aikin. A majema, inda farar ƙasa da gishiri da sinadarin kurom ke cin ƙarfe, sai ƙarfe marar tsatsa. Kusa da wutar narka roba, kan roba mai arha laushi zai yi. Murfin da ke tsare hannu daga bel ko giya kuma bai kamata a ɗaure shi da abin da yatsa ke kwancewa ba, sai da wanda ke buƙatar sufana. Duk makanikin kirki ya san haka, kuma sani shi ke jawo hisabi.

Mai cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa sai ya tuna da Sayyidina Umar, da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, ya bayyana cewa gudun ma cikin ƙaddarar yake. Ya tuna kuma da hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda aka umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Malamanmu na Malikiyya sun ƙara gaba: a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Kano, an ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da suka salwanta a hannunsa. Wani zai ce ai hukuncin kan dukiya ne, ba kan leburan kamfani ba. Haka ne, amma idan shari'a ta tsare rigar da aka kai wa tela, yaya za ta yi da hannun ɗan Adam?

Uzurin da ya fi nauyi shi ne na kuɗi. Wuta ba ta tsayawa, dizal ya yi tsada, darajar naira ta faɗi, kamfanoni da dama sun rufe, sai mai masana'anta ya aika yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ya samo duk notin da ya shiga. Wannan kuka gaskiya ne. Sai dai larura tana sassauta wa mutum abin da cutarsa za ta tsaya a kansa ne, ba ta ba shi ikon juye cutar a kan wanda ke tsaye gaban inji, wanda ba a ma shawarce shi ba. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, kuma notin da ya dace bai kai kuɗin jinyar yatsa ɗaya ba. Wanda ya sani ya kau da kai, ya ci amana, kuma alhakin yana wuyansa.