Wanne Ke Gaba, Magani ko Zaman Lafiya?

'Yan'uwa, ga wata tambaya da ya kamata mu zauna mu auna. In an tashi taimakon ƙasar da ke fama da talauci da yaƙi, da me za a fara? Waɗansu sun ce a kawo makaranta da asibiti, bindiga za ta yi shiru da kanta, gama yunwa ce ke sa saurayi ya ɗauki makami. Akwai gaskiya a cikin wannan, amma ba duka ba.

A shekarar 2000 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka ɗauki alkawari, aka tsara muradu 8 da za a cim ma kafin ƙarshen 2015: rage yunwa, sa yara makaranta, rage mutuwar jarirai, da sauransu. Ba ko ɗaya da ya ambaci makamai. A 2006 ƙasashe 42 suka taru a Jeniba suka yarda cewa zub da jini yana hana ci gaba. A 2011 kuwa Bankin Duniya ya ce babu wata matalauciyar ƙasa mai fama da rikici da ta cika ko muradi guda a lokacin.

Mu ma mun gani a gida. Maganin rigakafin shan inna ɗigo biyu ne a bakin yaro, kyauta. Duk da haka a Fabrairun 2013 aka harbe masu ba da shi mutum 9 a Kano. Nijeriya ta yi shekara biyu ba a ga cutar ba, har an fara murna, sai ga ta a Gwoza da Jere ta jihar Borno a 2016. Ashe tana nan ɓoye a wuraren da yaƙi ya hana ma'aikata shiga. Magani yana nan, kuɗi yana nan, hanya ce babu. Yaran da suka shanye ba harsashi ya taɓa su ba, amma wa zai ce ba bindiga ce ta gurgunta su ba? Mu dai a wurinmu suna cikin waɗanda yaƙi ya ci, ko da ba a lissafa su ba.

Ba mu ce a riƙe magani sai yaƙi ya ƙare ba. Yaro ba ya jiran sulhu. Da rakiyar soja aka riƙa kai ɗigon nan ƙauyukan Borno, har aka shaida a 2020 cewa asalin cutar ya ƙare a Afirka. A sababbin muradu 17 na 2015 kuwa an gyara kuskuren farko: na 16 ya ce a rage kashe-kashe da fataucin makamai ta ɓarauniyar hanya kafin 2030.