Gonar Irmiya da Kasuwar da Baƙi Suka Ƙaurace Wa



Kowace shekara idan watan Janairu ya kama, mu da ke cikin Dayosis na Kano muna tunawa da yammacin Jumma'a, ranar 20 ga Janairu 2012, sa'ad da 'yan Boko Haram suka tayar da bama-bamai, suka buɗe wuta a hedkwatar 'yan sanda ta Bompai, da ofishin shiyya ta ɗaya, da ofishin fasfo, da waɗansu wurare cikin birnin Kano. Mutane aƙalla 185 suka rasa rayukansu a wannan rana guda. Masifar kuwa ba ta tsaya nan ba. Ranar Lahadi 29 ga Afrilu 2012 aka far wa Kirista masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, har da malaman jami'a cikin waɗanda aka kashe. Ranar 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar mota ta New Road a Sabon Gari. Ranar 27 ga Yuli 2014 aka jefa bam a majami'armu ta Waliyyi Charles, jama'a suna fitowa daga Misa, mutum 5 suka mutu. Sa'an nan ranar 28 ga Nuwamba 2014 aka kashe fiye da mutum 100 a babban masallacin Jumma'a na Kano, kusa da fadar Sarki. Ubangiji ya ba su duka hutawa ta har abada.

Mamatan nan muna yi musu addu'a kullum. Yau kuwa ina so mu yi tunani a kan waɗanda suka tsira da rai amma abincinsu ya yanke, gama su ba a rubuta adadinsu a jarida ba, yawancinsu kuma daga ƙauyuka irin namu suka fito.

Kafin wannan fitina, Kano gari ne na baƙi. Mutane sukan zo daga Turai da Amurka, daga Legas da Abuja, domin su ga hawan Salla, su hau dutsen Dala, su shiga Gidan Makama, su tsaya a marinar Ƙofar Mata inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana rini da baba, sa'an nan su ƙarasa kasuwar Kurmi su sayi tsaraba. Kuɗin da baƙo ya ajiye a Kurmi ba ya kwana a Kurmi. Yakan bi hannun dillali ya isa wurin baduku, da maɗinkin hula, da macen da ke saƙa faifai da tabarmar kaba a tsakar gidanta, da mai kawo harawa domin dawakin hawa. Daga Kazaure zuwa Kano tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, saboda haka duk abin da ya taɓa kasuwar birni sai an ji shi a tukunyar ƙauye.

Bayan hare-haren sai aka sa dokar hana fita, shingayen bincike suka cika hanyoyi. A cikin Janairun 2012 ɗin nan aka sace wani injiniya Bajamushe a bakin garin Kano, aka kuma kashe shi a watan Mayu, ƙasashen waje suka gargaɗi mutanensu kada su zo. A Janairu 2013, bayan an kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, gwamnati ta hana sana'ar acaɓa a birnin, samari masu yawa da suka tafi ci-rani suka komo gida da babur a hannu da bashi a wuya. A Yuli 2014 aka soke hawan ƙaramar Salla. Ina tunawa da wata gwauruwa a ɗaya daga cikin ƙananan majami'unmu wadda ta riƙe 'ya'yanta a makaranta da kuɗin faifai. Dillalin da yake zuwa mata kowane mako ya daina zuwa. Ta nuna mini fayafayai jibge a ɗakinta, gara ta fara ci, ta ce, “Fada, ni ban taɓa ganin bam ba, amma ga shi ya iso ɗakina.”

Me Maganar Allah take faɗa wa mutane irin waɗannan? Ku buɗe Littafin Annabi Irmiya, sura 32. A shekara ta goma ta mulkin Zadakiya, rundunar Nebukadnezzar Sarkin Babila ta kewaye Urushalima. Irmiya kansa yana tsare a farfajiyar masu gadi, domin ya yi annabci cewa birnin zai faɗi. Cikin wannan hali sai Hanamel, ɗan baffansa, ya zo masa da tallar gona a Anatot. Wane mai hankali ne zai sayi gona a ƙasar da abokan gaba suke tattakewa? Duk da haka Irmiya ya saya, bisa ga umarnin Ubangiji. Ya auna azurfa shekel 17, ya sa hannu a takarda, ya kira shaidu, ya ba Baruk takardun ya ce a ajiye su cikin tulun yumɓu domin su daɗe. Dalilin da Allah ya ba shi kuwa shi ne, za a sake cinikin gidaje da gonaki a wannan ƙasa.

Ku lura, ƙaunatattuna, Irmiya bai rufe idonsa ga haɗari ba, shi ne ma ya fi kowa sanin girmansa. Bai kuma jira sai Babiloniyawa sun janye ba. Ya ɗauki kuɗinsa ya zuba inda tsoro ya kori kowa, a gaban shaidu, domin mutane su gani. Wannan shi ne bege irin na masu bi, begen da ake iya aunawa a ma'auni. Abin da 'yan ta'adda suke nema ya wuce rayukan da suka ɗauka a rana guda. So suke mai saye ya ji tsoron kasuwa, baƙo ya ji tsoron hanya, maƙwabci ya ji tsoron maƙwabcinsa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Gari ba ya farfaɗowa sai an sami waɗanda za su fara komawa, baƙon nesa kuwa ba ya zuwa inda 'yan gida da kansu suke gudu.

Mun ga masu irin wannan zuciya a Kano. Kashegarin harin masallaci, Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya koma cikin masallacin nan da aka zubar da jini, jama'a kuma suka ci gaba da salla a cikinsa. 'Yan'uwanmu na Waliyyi Charles suka binne matattunsu, suka koma Misa. Marina suka sake jiƙa baba, 'yan Kurmi suka buɗe rumfuna ko da yini zai wuce ba a taya ba. Sannu a hankali ƙafa ta dawo, har a watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gargajiya na duniya da ya kamata a kiyaye. Amma kada mu ruɗi kanmu. Akwai masu sana'a da suka sayar da kayan aikinsu a shekarun wahala, ba su kuwa sake mallakarsu ba. Akwai yaran da aka cire daga makaranta a lokacin, yanzu sun zama magidanta marasa sana'a. Raunin da ke cikin gida yakan daɗe bayan an share titi.

A nan ne Littafin Nehemiya, sura 5, yake yi mana gargaɗi mai zafi. Ana cikin sake gina garun Urushalima, aikin da aka gama cikin kwana 52, sai kuka ya tashi daga talakawa da matansu. Waɗansu sun jinginar da gonakinsu da gidajensu domin su sami hatsi, waɗansu sun ci bashi domin biyan harajin sarki, har 'ya'yansu sun shiga bauta, masu cin ribar kuwa 'yan'uwansu ne Yahudawa. Nehemiya ya tara manya ya tsauta musu, ya sa suka mayar da gonakin, suka daina karɓar ruwa. Ya gane cewa garu ba shi da amfani ga mutumin da ɗan'uwansa ya riga ya cinye shi a ciki. Ashe kowace masifa tana da masu cin kasuwarta. Bari kowannenmu ya binciki lamirinsa: a cikin shekarun nan, wa ya karɓi gonar maƙwabci jingina a kan kuɗi kaɗan? Wa ya sayi babur ɗin yaron da ya komo daga Kano a rabin kuɗinsa domin ya ga ba shi da mafita? Idan akwai irin wannan a hannunka, ka gyara tun kafin ka matso teburin Ubangiji.

Saboda haka ina roƙonku abubuwa kaɗan waɗanda ba su fi ƙarfinmu ba. Idan za ku yi biki, ko baftisma, ko aure, ku sayi tabarma da faifai da hula da takalmi daga hannun masu yin su a garuruwanmu, ku biya kuɗinsu da kyau, ku biya a kan lokaci. Zumuntar Mata Katolika sun san amfanin adashi. Ina roƙonsu su riƙa ba gwauruwa da mai ƙaramin jari ɗaukar farko. Zumuntar Maza su nemi tsofaffin masu sana'a, dukawa da masaƙa da maƙera, su kai musu yara koyo, gama sana'ar da ta mutu tare da mai ita ba gwamnatin da za ta iya tayar da ita. Wanda yake bin ɗan'uwansa bashi tun shekarun wahala, ya sassauta, in kuwa yana da hali ya yafe, kamar yadda muke roƙon Uba ya yafe mana kowace rana.

Ina kuma roƙonku game da maƙwabtanmu Musulmi. Mu kaɗan ne a wannan yanki, rijiya ɗaya muke sha da su, kasuwa ɗaya muke ci, da yawa daga cikinmu kuma jini ɗaya muke. Bam ɗin da ya faɗa majami'a da wanda ya faɗa masallaci hannu ɗaya ya haɗa su. A farkon Janairu 2012, lokacin zanga-zangar kuɗin man fetur, an ga Kirista a Kano sun kewaye Musulmi suna tsaronsu har suka idar da salla. Kada mu bar wannan ya zama labarin da. Zumunta a ƙafa take: ku je gaisuwar rasuwa, ku je barka da Salla, idan ana hawa a Kazaure ko a Ringim ku fita kallo tare da 'ya'yanku. Baƙon da ya sauka a garinku, ko Bafulatani ne, ko ɗan kudu, ko mutumin Nijar da ya ƙetaro ta Babura, ku ba shi ruwa, ku nuna masa hanya. Sa ido a kan abin da ya saɓa wa hankali, da kai rahoto ga mai unguwa ko ga hukuma, wajibi ne a kanmu. Amma zargin mutum saboda harshensa ko rigarsa zunubi ne, kuma yana ƙarasa wa 'yan ta'adda aikinsu.

Gwauruwar nan da na ambata, matan majami'arta ne suka fara sayen fayafayanta, ɗaya-ɗaya, bibbiyu, har ta sami kuɗin sayen sabuwar kaba. Babu ɗan yawon buɗe ido ko ɗaya cikin waɗanda suka tayar da ita. Azurfar Irmiya ke nan a zamaninmu, kowannenku kuwa yana da nasa shekel 17, komai ƙanƙantarsa. Ubangijinmu da kansa, da ya tashi daga matattu, ya zo wurin almajiran da suka kulle ƙofa saboda tsoro, ya ba su salama, sa'an nan ya aike su waje.

Mu yi addu'a. Ya Allah Uba mai iko duka, ka ji ƙan waɗanda suka mutu a Kano, Kirista da Musulmi. Ka share hawayen marayu da gwauraye. Ka juyo da zukatan masu zubar da jini zuwa ga tuba. Ka sa albarka a hannun masu sana'a da manoma na Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, ka buɗe hanyoyinmu ga baƙi, ka cire mana tsoron juna. Budurwa Maryamu, Uwarmu ta Fatima, ki yi addu'a dominmu. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.