Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Sunan Sabon Birni kansa labarin sake gini ne. A shekarar 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, Gobirawa suka warwatse. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 waɗansu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri, ya zo ya kafa Sabon Birni. Mutanen wannan ƙasa sun san yadda ake tashi daga kufai a kafa gari.

Yau ma akwai kufai. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni. A Disambar 2021 aka ƙone matafiya cikin motarsu. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Daga ƙasar Isa da ta Sabon Birni dubban mutane sun bar gonakinsu, waɗansu suka shiga birni, waɗansu suka ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi. Muna roƙon Ubangiji ya kawo ƙarshen wannan masifa. Amma ran da ta ƙare, za a zo da takardu da awo da kuɗi, a ce za a sake gina ƙauyuka, a fitar da hanya, a tsayar da wurin kasuwa da asibiti da rijiya. An riga an kafa Hukumar Raya Arewa maso Yamma a 2024. Tambayar da nake so mu yi nazari a kanta ita ce: mutumin da ya rasa gida da rumbu da shanun noma, har sai an ciyar da shi, yana da sauran ikon cewa ga yadda garinsa zai kasance, ko kuwa nasa godiya ce kawai?

Masu cewa a bar wa ƙwararru aikin suna da hujja, kada mu raina ta. Taron jama'a yana cin lokaci, mai jin yunwa kuwa ba ya jira. Manomi bai san lissafin gada ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi: a ƙasar da ake tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto, wa zai miƙe a dandali ya faɗi abin da ke ransa?

Duk da haka mun ga abin da ke faruwa idan aka tsara wa mutane rayuwa ba tare da su ba, ba kuwa a nesa ba. An gama madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978, lokacin tana cikin jihar Sakkwato. Nufin aikin alheri ne, wato noman rani da wadatar abinci. Amma ruwa ya cinye ƙauyuka da gonaki, aka baje gonakin gado aka sake rabawa, diyya ta zama abin jayayya. Manoman fadama da ke ƙasa da madatsar, waɗanda ambaliyar kowace damina ke jiƙa musu ƙasar shinkafa, suka ga ruwan ya ragu. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka masu yawa. Injiniyoyin sun san kankare da ƙarfe. Abin da ya ɓace musu yana bakin tsofaffin da ba a zauna da su ba: wace gona ce ta wane, wane wata ruwa ke hawa fadama, me iyali za su ci kafin sabon tsarin ya fara ba da amfani.

To, a ce ma ƙwararrun ba su yi kuskure ko ɗaya ba, a ganina da sauran laifi. Allah ya ba ɗan Adam hankali da baki, ya ɗora masa alhakin gidansa. Wanda ya gina maka ɗaki mai kyau bai tambaye ka inda kake son ƙofa ba, ya taimaki jikinka, amma ya ɗauke ka kamar dabbar da ake yi wa garke. Ɗan gudun hijira ya riga ya sha wannan wulaƙanci sau ɗaya, ran da mai bindiga ya yanke masa ranar barin gida. Bai kamata mai taimako ya maimaita masa ba, ko da murmushi ne a fuskarsa.

Ka duba littafin Nehemiya. Mukan tuna cewa an gama garun Urushalima cikin kwana 52, mu manta da yadda aka yi. Sura ta 3 jerin sunaye ne: firistoci, maƙeran zinariya, masu haɗa turare, 'yan kasuwa, da Shallum tare da 'ya'yansa mata, da yawa kuma kowa ya gyara sashen da ke daura da gidansa. A sura ta 5, ana tsakar aiki, talakawa da matansu suka ta da kuka, domin sun jinginar da gonakinsu saboda yunwa da haraji, har 'ya'yansu sun shiga bauta. Nehemiya bai ce su yi haƙuri sai garu ya ƙare ba. Ya kira babban taro, ya sa manya su mayar da gonakin.

Abu mafi wuya shi ne sanin su wane ne mutanen gari. Idan aka ce an shawarci jama'a, sau da yawa ana nufin hakimi da dagatai da waɗansu attajirai. Amma wadda ta san nisan rijiya ita ce mai ɗebo ruwa, kuma gwauruwar da aka kashe mijinta ba za ta yi magana a gaban fada ba, sai an je an same ta cikin mata 'yan'uwanta. Waɗanda ke Maraɗi ba su daina zama 'yan garinsu ba don sun gudu da ransu. Akwai kuma makiyayin da bai taɓa ɗaukar bindiga ba, wanda shi ma aka kore masa shanu. Na san wannan magana tana da ɗaci ga wanda ya binne ɗansa. Amma in aka shata gonaki ba a bar burtali da mashaya ba, an shuka wa jikokinmu rigimar da muke kuka da ita.

Mu masu bi kaɗan ne a wannan yanki, kuma kaɗan ɗin yakan sa mutum ya ce taron gari ba nasa ba ne. Kasuwa ɗaya muke ci da maƙwabtanmu Musulmi, hanya ɗaya muke tsoro. In mai unguwa ya kira taro, ka je, ka faɗi abin da ka sani game da lungunku. In kuwa kai ne ke riƙe da takardar, a kwamitin ikkilisiya ko a ofishin ƙaramar hukuma, kafin ka rubuta inda za a haƙa rijiyar burtsatse, ka aika a kira matan da za su riƙa ɗaukar jarka, ka kuma nemi dattijon da ya tuna ta inda burtali ya bi kafin a nome shi.