Dattijo a Baƙon Wuri: Shin Girma Yana Faɗuwa In Tsoho Ya Koma Ɗalibi?

Akwai tambayar da ya kamata mu zauna mu yi nazarinta. Ga mutum da matarsa, sun haura shekara 60, sun ajiye aiki, 'ya'ya sun yi aure, jikoki sun fara cika gida. A al'adarmu, wannan ne lokacin da dattijo zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a zo a gaishe shi, a kawo masa saɓani ya sasanta. To, sai ga su sun ɗaure kaya, sun ce za su tafi wata ƙasa aikin mishan na shekara biyu ko uku. Hikima ce wannan, ko kuwa gangancin tsufa ne? In kuma sun isa can, me Ubangiji yake nema daga gare su a zaman yau da gobe?

Wannan abu ba almara ba ne. Tun 1955 Monsinyo Anthony Brouwers ya kafa ƙungiyar Lay Mission-Helpers a birnin Los Anjelis na Amurka, domin aika masu bi waɗanda ba firistoci ba, har da ma'aurata, zuwa ƙasashen mishan. A 1975 mishan na Maryknoll shi ma ya buɗe irin wannan ƙofa. A cikin wasiƙarsa ta 1988 a kan kiran masu bi, Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya yaba wa ma'auratan da suke barin gida saboda Bishara, ya kuma kwatanta su da Akila da matarsa Bilkisu. Cikin masu amsa wannan kira akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya da masu lissafin kuɗi waɗanda suka yi ritaya.

Mutane da yawa suna zaton babbar wahalar ɗan mishan ita ce tsanani ko haɗari. Amma abin da ya fi cin ran dattijai a baƙuwar ƙasa ƙananan abubuwa ne da suke maimaituwa kullum. Mu ɗauki ma'auratan da suka taso daga Turai suka sauka a ƙasar Hausa. Zafin watan Maris da Afrilu zai hana su barci, ƙurar hunturu ta tsattsage musu leɓe, sauro ya kawo zazzaɓin da jikinsu bai taɓa sani ba. Wuta ta ɗauke, maganin da suka ajiye a firji ya shiga haɗari. A kasuwa an faɗa wa uwargida farashi ta biya ba ciniki, mai tumatir ya bi ta da kallo. Maigida ya shiga wuri ya fara da abin da ya kawo shi, bai tambayi gajiya da iyali ba, aka ɗauke shi mara ladabi alhali shi bai san ya yi laifi ba. Ga kuma harshe: kalmar da ya koya da safe da ma'anar birni, in ya ja wasalinta ta koma garin tuwo, kukan jariri da kukar miya duk ɗaya suke a kunnensa.

Haka abin yake in namu ne suka tafi can. Katikis da matarsa da suka sauka a Dablin ta ƙasar Ailan cikin watan Disamba za su tarar hasken rana bai kai awa 8 ba. Maƙwabci zai wuce da ɗaga hannu kawai. Ba a zuwa gidan mutum sai an nemi izini tun da wuri. Yaro sa'an jikansu zai kira su da sunansu na yanka, ba Baba ba Mama, kuma a wurinsa wannan ba raini ba ne. Gaskiyar masu iya magana, baƙo ko da ido makaho ne.

A nan ne ainihin matsalar take. Saurayi in ya yi kuskuren magana aka yi masa dariya, shi ma dariya zai yi, domin bai tara wani girman da zai zube ba. Dattijo kuwa ya shekara 40 ana tambayarsa, yau shi ne mai tambaya. Wanda ya shugabanci makaranta yana neman yaro ya ƙirga masa canji. Wadda ta ciyar da gida guda tana koyon hura gawayi daga yarinyar da ba ta kai 'yar autarta ba. Abin da ya ɓace musu shi ne matsayin da suka saba tsayawa a kai, wannan kuwa ya fi zafin rana ciwo.

Masu sukar irin wannan tafiya suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Na farko sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsoho ba zai iya harshe kamar yaro ba. Wannan gaskiya ne, kunne ya yi nauyi, harda ta yi wuya. Na biyu sun ce baƙon da zai zo da hawan jini da ciwon gwiwa kaya ne a kan ikklisiyar da ita kanta ba ta da hali. Na uku sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi: jikoki suna da hakki a kan kakanninsu, kuma tarbiyyarsu ita ma aikin Allah ce.

Duk da haka, hujja ta farko ta ginu ne a kan zaton cewa amfanin ɗan mishan yana cikin gwanintarsa kaɗai. Littafin Farawa ya nuna mana wata hanya. Ibrahim yana da shekara 75 lokacin da ya bar Haran, Saratu kuma tana bayansa da shekara goma. Sa'ad da Saratu ta rasu a Hebron tana da shekara 127, wato bayan shekara 62 da barin gida, Ibrahim bai mallaki ko wurin da zai binne ta ba. Sai da ya tsaya gaban Hittiyawa a matsayin baƙo, ya sunkuya musu, ya bi tsarin cinikinsu, ya auna wa Efron shekel 400 na azurfa kafin ya sami kogon Makfela. Uban masu bangaskiya ke nan yana rusuna wa masu gari bisa ga al'adarsu, kuma su da bakinsu suka ɗauke shi babban mutum a cikinsu. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Saboda haka amsar da nake bayarwa ita ce, girman dattijo ba ya faɗuwa in ya koma ɗalibi. Abin da yake faɗuwa shi ne girman kai, wanda aka ce rawanin tsiya ne. Dattijon da ya yarda yaro ya gyara masa magana, ya yi godiya, gobe ya sake gwadawa, ya yi wa'azin da ba ya bukatar tafinta. Mutanen gari sun saba ganin baƙi masu kawo kuɗi da umarni. Ba su saba ganin mai furfura ya zauna a benci ɗaya da su yana koyo ba. Ubangijinmu da kansa ya shafe kimanin shekara 30 a Nazarat yana koyon harshe da sana'a da al'adar mutanensa kafin ya fara koyarwa. Wanda ya zo da sunansa ba shi da dalilin jin kunyar zama mai koyo.

Akwai kuma abin da ma'aurata suke kawowa wanda firist ba zai iya kawowa ba, wato auren kansa. Akila da Bilkisu sun bar Roma wajen shekara ta 49, lokacin da Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa. Suka sauka Koranti, suka ci gaba da ɗinkin tanti, Manzo Bulus ya zauna a gidansu suna sana'a tare. Daga nan suka koma Afisa, inda suka ja Afolos gefe suka ƙara masa fahimta, daga baya kuma muka same su a Roma. Ko'ina suka sauka, gidansu ya zama wurin taron masu bi. Ba a bar mana wa'azinsu ko ɗaya ba. Abin da aka tuna shi ne ƙofarsu a buɗe take, kuma kullum ana ambatonsu tare.

Sai dai baƙunci yakan gwada aure gwaji mai tsanani. A gida kowa yana da abokansa da harkokinsa. A baƙon wuri ba su da kowa sai juna, safe da yamma. An ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Sau da yawa ɗaya yakan riga ɗaya sabawa. In uwargida ce ta fara kama harshe saboda cuɗanya da mata a kasuwa da zumunta, maigida zai ga yau ita ce bakinsa, ransa kuma yana iya sosuwa. In shi ne aiki ya ɗauke wa hankali, ita za ta wuni da kewar jikoki. Wajibi ne mai saurin ya jira mai nawa, kada ya gyara masa kuskure a gaban mutane, kada kuma mai nawan ya ji haushin ci gaban ɗan'uwansa. Maƙwabta suna kallo, kuma yadda tsoho yake haƙuri da tsohuwarsa shi ne katikisim na farko da za su karanta.

To, ina iyakar sajewa da mutane? Tun 1659 ofishin yaɗa bangaskiya na Roma ya gargaɗi bishop-bishop da ya aika Gabas Mai Nisa kada su ɗora wa mutane al'adun Turai, kada kuma su taɓa al'adun da ba su saɓa wa addini da kyakkyawar ɗabi'a ba. Majalisar Batikan ta 2 ta ƙarfafa wannan a dokarta ta 1965 a kan aikin mishan. Ma'anarsa ga dattijanmu ita ce su saki hanyar gaisuwarsu da lokacin cin abincinsu da yawan cewa a ƙasarmu ba haka ake yi ba, amma su riƙe gaskiya da amana da addu'a. Ba a kuma ce su yi riya ba. Cikin da ya tsufa da abinci iri ɗaya ba zai sauya cikin wata guda ba, kuma ba zunubi ba ne su dafa abincin gida ran Lahadi, ko su kira jikoki a waya su yi hawaye. Sannu ba ta hana zuwa.

Hujja ta biyu da ta uku kuwa suna nan da ƙarfinsu, su ne ma ma'aunin kira na gaskiya. Wanda likita ya ce jikinsa ba zai ɗauka ba, zamansa a gida biyayya ce. Wanda yake riƙon marayu, ko yake jinyar mahaifiya, mishan ɗinsa yana cikin gidansa. In ɗaya ne yake so, ɗaya kuma kunya ce ta sa ya amsa, tafiyar ba ta da albarka, domin alkawarin aure ya riga alkawarin mishan. Haka nan wanda yake gudun kaɗaicin ritaya, ko yake neman inda za a sake kiransa shugaba, ya bincika zuciyarsa da kyau tare da mai ba shi shawarar ruhaniya kafin ya sayi tikiti.

Mu ma masu karɓar baƙi muna da namu nauyin. Akwai karramawar da take mayar da baƙo fursuna: a hana shi zuwa kasuwa, a hana shi ɗaukar tsintsiya, a riƙa yi masa Turanci ko da ya yi sallama da Hausa. Wanda aka yi wa haka zai shekara uku bai san kowa ba. Ku gyara masa magana cikin ladabi, ku kai shi suna da biki da ta'aziyya, ku faɗa masa in ya yi abin da ba a yi. Zumuntar mata ta ja uwargida a jiki, dattawan ikklisiya su ba maigida wuri a tabarmarsu. Ku kuma nemi shawararsu a abin da suka sani, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Tun 1926 Paparoma Piyus na 11 ya keɓe Lahadi guda a watan Oktoba domin tunawa da aikin mishan. In ranar ta zo, mu sa waɗannan dattijai cikin addu'a, mu kuma tambayi kanmu ko za mu yarda ƙaramin yaro ya koya mana abu saboda Almasihu, ko da a cikin unguwarmu ne. Allah ya ba su lafiya da haƙuri da juna, ya kiyaye iyalan da suka bari, ya ba mu zuciyar karɓar baƙo. Amin.