Baƙo da Dashen Itace: Darasin 3 ga Agusta a Yamai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa.

Muridin da fatauci ko karatu ya kai shi Yamai daga Kano ko Sakkwato zai riski ranar 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta samu 'yancin kai daga Faransa a 1960. Tun 1975, bayan farin da ya addabi Sahel, aka mai da ita ranar dashen itatuwa. Damina ta zauna, ƙasa ta jiƙa, shugabanni da talakawa suna fitowa da 'yan tsirrai a hannu.

A nan tambaya take tasowa a zuciyar baƙo: shin yana da rabo a murnar da ba ta ƙasarsa ba? Rai kan raɗa masa cewa baƙo raɓa ne, gobe sai tafiya. Wani lokaci ma raɗar kan sanya rigar zuhudu, ta ce duniya duka gidan baƙunta ce, to ina ruwan mai wucewa da bikin mutane?

Sai dai wannan baƙon ya sha inuwar dogonyaro a titunan Yamai lokacin bazara, bai san wanda ya dasa ba. Ya sha ruwan kogin garin, ya samu arziki a Babbar Kasuwa, an matsa masa wuri a da'irar wazifa ba tare da an tambayi takardunsa ba. Wanda ya ci wannan alheri kuma ya kau da kai ranar farin cikin masu masaukinsa, butulci ne ya yi, ko da ya kira shi gudun duniya. Malaman tarbiyya sun daɗe suna gargaɗi a kan son rai da ke fakewa da sunan ibada.

Ba a nemi ya bar sallah a kan lokaci ba, ko ya shiga wasan da bai dace ba. Ya taya maƙwabci murna, ya yi wa ƙasar addu'ar zaman lafiya da damina mai albarka, ya dasa itace ɗaya ya riƙa ba shi ruwa. Ya inganta a hadisi cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ce gare shi. Mai yiwuwa baƙon ya koma gida kafin itacen ya yi inuwa, kuma hakan ya fi kusa da ikhlasi, domin babu mai gode masa sai Allah.

Allah Ya zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya, Ya tsarkake niyyoyi. Amin.