Gadali a Tukunya: Ado, Magani ko Tsari?

Gadali tsiro ne mai kai irin na albasa da dogayen ganye masu santsi, kuma masana tsirrai suna sa galibin ire-irensa a dangin Crinum. A daji ya fi son fadama, amma yana jure zaman tukunya a baranda ko a bakin taga, musamman a gari irin Lafiya inda damina kan kama daga wajen Afrilu zuwa Oktoba.

Renonsa ba wuya. Ana samun tukunya mai huda a gindi, a gauraya ƙasa da yashi da ɗan taki, a dasa shi a bar wuyansa a waje. Da rani ganyen yakan bushe har a ɗauka ya mutu, sai mai garaje ya yi ta ɗura masa ruwa, har kansa ya ruɓe. Wanda aka ƙyale ya huta kuwa, da an koma ba shi ruwa a farkon damina yakan fitar da kara mai fararen furanni, wasu da jan layi a tsakiya.

Sai dai a ƙasar Hausa ba don fure kaɗai aka san gadali ba. Akwai masu dasa shi don tsari ko farin jini ko mallaka, har akan ce wani sai an shayar da shi nono ko jini. A nan ne malamai suke rarrabewa. Shuka don ado halas ce. Magani ma sababi ne da shari'a ta yarda da shi, ko da yake kan gadali yana da dafi, ba abin sha da ka ba ne. Amma ƙudurta cewa tsiron da kansa yana kore sharri, balle a yi masa yanka, ya taɓa tauhidi, kuma irinsa ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki masu girmama itatuwa da duwatsu a kai.

Wahalar ita ce ido ba ya raba tukunyar ado da ta tsari. Ganye ɗaya ne, fure ɗaya. Don haka hukuncin yana komawa ga niyyar mai shukar da abin da yake zuba wa tsiron, kuma maƙwabcin da ya hango gadali ta taga ba shi da hujjar tuhumar mai gida da tsafi.